Sharhi kan rangadin kwana biyu da ɗan jagora a garin Lamu

Na ɗauki ɗan jagora na kwana biyu a Lamu, ƙaramin garin da ke kan tsibiri a gaɓar tekun Indiya a arewacin Kenya, kuma ban yi nadamar kuɗin da na biya ba, ko da yake akwai abu guda da ya ɓata mini rai. Jirgin sama yana sauka ne a tsibirin Manda, daga nan sai a tsallaka a kwale-kwale, kuma a bakin ruwa jagoran ya tarbe ni.

Ranar farko a ƙafa muka yi ta, domin lungunan tsohon garin sun yi matsi ƙwarai, mota ba ta shiga, jakuna ne ke dakon yashi da buhunan kaya. Sau da yawa sai mutum ya manne da bango kafin jaki ya wuce da lodinsa. A nan ne amfanin jagoran ya fito fili. Da ni kaɗai ne, da bangaye kawai zan gani, amma shi ya sa na shafa dutsen murjani da aka gina gidajen da shi, ya nuna mini azarar itacen mikoko mai tsirowa cikin ruwan gishiri, ya bayyana cewa tsawon wannan itace ne ya ƙayyade faɗin ɗakunan, shi ya sa suke dogaye amma tsukakku. Mun zauna a dakalin ƙofar wani gida inda maigida ke karɓar baƙi, gaban wata ƙofa mai sassaƙa da rubutun Larabci a samanta, na daɗe ina kallon aikin hannun. Ba banza ba UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sanya garin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Mun shiga babban gidan tsaron da aka gina tsakanin 1813 da 1821, wanda Turawan Ingila suka mayar kurkuku daga baya, amma abin da ya fi ratsa zuciyata shi ne masallacin Riyadha. Habib Swaleh, malamin da ya rasu a 1935, shi ya kafa shi, kuma har yau Maulidin da ake yi a can yana jawo jama'a daga sassan Afirka ta Gabas. Jagoran ya yi bayani cikin ladabi, ya kuma bar ni na yi sallar azahar ba tare da gaggauta ni ba.

Rana ta biyu ce aka samu tangarɗa. An shirya mu tafi tsibirin Manda mu ga kufan Takwa, garin da mutanensa suka watse tun ƙarni na 17, inda masallaci da wani kabari mai ginshiƙi suke tsaye har yanzu. Hanyar wata siririyar mashiga ce cikin mikoko, wadda ba a binta sai teku ta ciko. Mai jirgin da aka haɗa mu da shi ya makara fiye da sa'a guda, muka isa ruwa ya fara janyewa, don haka a gurguje muka zagaya wurin da ya cancanci rabin yini. Wannan ya yi mini zafi, domin lokacin cikowar ruwa sananne ne ga duk mai sana'ar jirgi a tsibirin.

Da yamma muka sauka a Shela, ƙauyen da ke kudu da garin, mai tuddan rairayi da gaɓa mai tsawon kusan kilomita 12. Duk wanda zai ɗauki irin wannan rangadi, ya nemi jagora ɗan garin mai lasisi, ya kuma tsayar da lokacin tashi zuwa Takwa da mai jirgin kansa tun daren jiya, ya ji daga bakinsa ƙarfe nawa ruwa zai ciko.