Bakan ya yi, kiban da aka haɗo da shi ne matsalar

Shi dai bakan ba ni da abin cewa a kansa. Irin mai lanƙwasa a ƙarshen hannuwa ne, wanda ake kwancewa gida uku, tsawonsa inci 62, ƙarfin jansa laba 40. Mariƙin ya zauna mini a tafin hannu daram, kuma idan na saki tsarkiya ba ya wannan karkarwar da ke ratsa gwiwar hannu. A matsayin bakan farko, na ji daɗinsa.

Kiban da aka sako a kwalin ne suka ɓata mini rai. An rubuta cewa "cikakken kayan mai koyo" ne, sai ga kibau masu fiffiken roba. Wannan baka kuwa a kan ɗan gurbin jikin mariƙi kibiya take kwanciya. Gashin tsuntsu yana lanƙwashewa ya wuce gurbin salin-alin, roba kuma sai ta daki katakon ta wurga gindin kibiyar gefe. Haka na yi ta harbi kibiya na tafiya tana kaɗa wutsiya, wata ta soki abin bara a karkace, wata ta wuce shi gaba ɗaya. Guda ta bugi bango ta tsage a tsakiya, ta tashi daga aiki, don kibiyar da ta tsage tana iya fashewa a hannun mai harbi.

Na yi wa mai sayarwar magana da hotuna, amsarsa wai hannuna ne bai faɗa ba tukuna, in ƙara haƙuri. Haba! Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ara mini kibiyarsa mai gashi, hannun nan dai nawa, bakan nan dai, ta tafi ɗoɗar ta kafe. Shi ya kuma nuna mini cewa kiban nawa sun yi wa laba 40 tauri, na baka mai ƙarfi ne.

Da na so in ce a sayi bakan, a dai nemi kibau daban. To amma sai na tuna da tsarkiyar. Ta yi ta miƙewa har tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta ragu, ta riƙa zabga mini bulala a dantse, wurin ya yi shuɗi ya kumbura. Sai an cire ta an murɗa sannan ta dawo daidai, kuma babu igiyar ɗana baka a kwalin, balle fatar kare hannu. Ko 'yar takardar bayani ba su saka ba.

Maganar farauta na jingine ta tukuna, ba zan harbi dabba da abin da zai raunata ta kawai ta gudu ba. Bakan yana nan a hannuna, amma kibau da tsarkiya a wani wurin na saya, kuma wannan mai sayarwar ba zai sake ganin kuɗina ba.