Garin jan ƙarfe na feshin zaitun: abin da na gani a Sakaka

Shekarata uku ina aikin gonar zaitun a bayan garin Sakaka, yankin Al-Jauf a ƙasar Saudiyya. Bara, bayan girbi da sanyin da ya biyo baya, sai rassa suka fara fitar da ƙululu masu kaushi, wasu kuma ɓawonsu ya lotsa, ya yi baƙi, ya tsage. Ni na ɗauka duk cuta ɗaya ce. Da muhandis, wato injiniyan gona, ya zo ya kankare ɓawon da wuƙa, ya ce mini, "Malam, cuta biyu ce." Ƙululun aikin bakteriya ce mai suna Pseudomonas savastanoi, wadda ruwa ke yaɗawa. Lotsewar nan kuwa fangas ne irin dangin Botryosphaeria, yana cin itacen daga ciki har reshe ya bushe. Dukansu ta rauni suke shiga: wurin yankan almakashi, wurin da sanda ta daki reshe lokacin kaɗe 'ya'ya, ko inda sanyi ya fasa ɓawo.

Shi ya sa muka sayo garin jan ƙarfe, wanda ake kira kwafa oksikulorayid, mai launin kore-kore. Ana dama shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin leda. Yana saurin kwantawa a gindin tanki, sai ka yi ta girgizawa, in ba haka ba bakin famfon ya toshe. Ya ɓata mini riguna biyu.

A kan ƙululu, gaskiya ya burge ni. Layukan da muka fesa a ranar da muka rage rassa, sabbin ƙululu kaɗan suka fito. Layin da muka bari ya kwana huɗu kafin feshi, ya cika da su. Tsofaffin ƙululun ba su motsa ba, don maganin a saman ɓawo yake tsayawa, ba ya ratsa itace.

A nan ne raina ya ɓaci da mai shagon da ya ce mini yana warkar da komai. Wata tsohuwar bishiya da nake ji da ita, sau uku na yi mata feshi, fangas ɗin bai fasa gangarowa ba. Sai da na sare reshen har inda itacen ya koma fari tas, na ƙona shi, na wanke zarto da bilic, sannan na shafe yankan da maganin. Yanzu ta yi sabon toho.

Zan sake saye bana, tun kafin mu taɓa almakashi, kuma ba zan yanke rassa a ranar da hadari ya haɗu ba.