DJ ɗin da ya yi mana kiɗa a bikin autanmu

Masu tambayata a WhatsApp wa ya yi mana kiɗa a bikin autanmu, ga amsa a dunƙule. Wani matashi ne daga cikin Ringim. Ba zan kama suna ba, tunda har inda ya gaza zan faɗa. Ya iso ƙauyenmu bayan la'asar a a-kori-kura, da manyan sifiku biyu da kwamfuta da janaretonsa. Man fetur kuwa mu muka saya, kuma sai a ranar ya sanar da mu. Mai niyyar ɗaukarsa ya warware wannan tun a wajen ciniki.

Sauti dai tas yake fita, ba ƙara mai fasa kunne. Amma abin da ya sa na ce ya ci kuɗinsa shi ne idonsa na kan fili, ba kan kwamfuta ba. Ƙawayen amarya ya ba su waƙoƙin biki na Hausa suka yi ta liƙi. Mu kuma yayyen gida da abokanmu, masu 'ya'ya uku-uku, muna gefe mun harɗe hannu. Ya dube mu, ya yi murmushi, sai ya saki "Crank That" ta Soulja Boy. Wani abokina da yanzu yake sayar da taki a kasuwa, ban san lokacin da ya cire hula ya miƙa mini ba.

Yaran yanzu ba su san ta ba. A 2007 ta fito, mai ita yana ɗan shekara 17 lokacin da ta hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard a Amurka, ta yi mako 7 a lamba ɗaya. Shi ya haɗa kiɗan da kansa a kwamfuta da manhajar FL Studio, ya yaɗa ta a MySpace da YouTube, har da bidiyon koyar da rawar daki-daki. Mu nan ba intanet ce ta kawo mana ita ba. Daga shagon mai cajin waya ta shiga memori, daga nan Bluetooth ya yi ta yawo da ita a wayoyi 'yan Chana. Ko kalma ɗaya ba ma ji. Rawar muke so: a yi tsalle a harɗe ƙafa, a murza hannu kamar mai ba babur wuta ana tsalle gefe, sannan a miƙe hannuwa a kifa gaba.

In don waƙa ce, ba wata waƙa ba ce. Kiɗa ɗaya ne ke ta maimaituwa, baitin ba nauyi. Ice-T, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan gambarar Amurka, a 2008 cewa ya yi yaron ya kashe hip hop. Sai dai hanyar da yaron ya buɗe ita ake bi har yau: a fitar da waƙa tare da rawarta, jama'a su yi ta kwaikwayo su tallata maka kyauta. Abin da mawaƙanmu na Kano ke yi a TikTok ke nan, sai ka ji waƙa ta cika gari saboda taku ɗaya, alhali ba wanda ya haddace baiti biyu.

Ƙorafina a kan DJ ɗin biyu ne. Asalin waƙar akwai batsa a ciki, kuma akwai wadda aka tace, amma ya sa mana ɗanyar a gaban iyaye. Sa'a dai Turancin ya fi ƙarfin kunnuwan wurin. Sannan aka kira isha'i bai kashe ba, sai da Baffa ya tako da kansa.

"Kai yaro, ba ka ji kiran salla ba ne?"

"A yi haƙuri Baba, ban ji ba wallahi."

Ya kashe nan take, bai sake ba, kuma ƙarfe goma ya naɗe kayansa kamar yadda mai unguwa ya gindaya.

Zan sake ɗaukarsa, amma da sharaɗi: mu zauna mu tace waƙoƙin tun kafin ranar, a kuma rubuta wa zai sayi mai. Mai biki da kaka ya kama shi da wuri, don ana gama girbi ba ya samun Asabar ko ɗaya a gida.