POPLA: Yadda Na Samu Ofishin Ɗaukaka Ƙara Kan Cajin Ajiye Mota a Ingila

Takardar ta iso gidana a Birmingham kwana 19 bayan ranar da aka ce an saɓa ƙa'ida, tana ɗauke da hotuna biyu na motata: ɗaya tana shiga filin ajiye motoci na wani rukunin shaguna da hantsi, ɗayan kuma tana fita bayan la'asar. Kamfanin da ke kula da filin ya haɗa hotunan ya ƙirga sa'o'i shida, ya nemi fam 100, ko fam 60 idan an biya cikin kwana 14. Alhali sau biyu motar ta je wurin a ranar, kyamarar ce ba ta kama fitar farko da komawar yamma ba.

Irin wannan takarda ba tarar hukuma ba ce, ko da yake an tsara ta yadda za ta yi kama da wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa, har gajeren sunansu ɗaya ne, wato PCN. Da'awa ce ta kamfani cewa direba ya karya sharuɗɗan da ke rubuce a allunan filin, adireshin mai mota kuwa daga DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, ake karɓo shi a kan fam biyu da rabi. Har yanzu akwai 'yan uwanmu da ke ba da shawarar a jefa ta kwandon shara, amma wannan shawara ta tsufa. Dokar 2012 da ta haramta wa kamfanoni ɗaure tayar mota ita ce kuma ta ba su damar bin wanda sunansa ke kan rajista a Ingila da Wales, sannan a 2015 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cajin fam 85 da aka ɗora wa wani direba mai suna Barry Beavis saboda ya zarce sa'o'i biyu na kyauta a wani fili a Chelmsford.

Ba a zuwa POPLA, wato ofishin da ke sauraron ɗaukaka ƙara kan irin wannan caji, kai tsaye. Sai mutum ya fara kai kukansa ga kamfanin cikin kwana 28, idan an ƙi, a ba shi lamba mai alƙaluma goma da zai shigar da ƙara da ita cikin wasu kwana 28. Ofishin na sauraron ƙorafi ne kawai kan kamfanonin da ke cikin BPA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kamfanonin kula da filayen ajiye motoci. Na ɗaya ƙungiyar, IPC, suna da nasu ofishin mai suna IAS.

Abin da ya fara burge ni shi ne sauƙin shafinsu na intanet, kuma ba a biyan ko sisi. Na rubuta a matsayin mai rajistar motar, ban ambaci wanda ya tuƙa ba, domin babu dokar da ta tilasta hakan a wannan mataki. Hujjoji biyu na kafa. Ta farko, rasit ɗin wani gidan mai da ke nuna motar tana wata unguwa da azahar. Ta biyu, cewa idan kyamara ce ta kama mota ba a manna takarda a gilashi ba, dole sanarwa ta isa hannun mai rajista cikin kwana 14 kafin a iya ɗora masa bashin direba. Kamfanin ya aiko da nasa kundin na hotunan alluna da kwafin wasiƙu, aka ba ni kwana bakwai in yi martani, kuma a ganina nan ne tsarin ya fi nuna adalci, domin ba a yanke hukunci a kan takardar da ban gani ba. Bayan kimanin mako bakwai hukunci ya zo ta imel: an soke cajin saboda jinkirin sanarwa, kuma mai duba ƙarar ya ce tunda wannan ya wadatar, babu buƙatar duba sauran. Raina ya so a ce an tabbatar da kuskuren kyamarar, amma biyan buƙata ya fi dogon buri.

Wanda ya saba da cewa ban haƙuri da roƙon arziki suna warware matsala zai sha mamaki a nan. Masu duba ƙara suna auna doka ne da ƙa'idar aikin kamfanoni da kuma shaida, don haka cewa an tsaya jiran mara lafiya ko layin kanti ya yi tsawo ba ya cika yin nauyi kamar hoton allon da reshen bishiya ya rufe, ko shaidar cewa ba a ba da rangwamen minti goma da ƙa'ida ta tanada bayan ƙarewar lokaci ba. Akwai kuma kasada: wanda ya kai ƙara ya faɗi ya rasa ragin, fam 100 zai biya cif. Kamfanonin ne ke ɗaukar nauyin ofishin, abin da ke sa wasu ɗari-ɗari da shi, sai dai ni ban ga alamar son kai a hukuncin da na karanta ba, kuma hukuncin yana ɗaure kamfani ne ban da mai mota, wanda ke da ikon ƙin biya ya kare kansa a kotu. Wannan hanya tana da tsada idan an yi sake, domin masu karɓar bashi kan ƙara har fam 70, hukuncin kotun da ba a biya cikin wata guda ba kuma yana zama a tarihin bashin mutum shekara shida, ya dagula masa neman hayar gida ko rance.

Ga wanda ke da hujja a rubuce, ina ba da shawarar POPLA ba tare da shakka ba. Maƙwabcina da ya zarce lokaci da minti 40 a fili mai manyan alluna ya nemi in taya shi rubuta ƙara, na duba kwanan watan takardarsa na ga ta iso a kwana na tara, sai na ce masa ya biya fam 60 tun kafin wa'adin ragin ya wuce.