Star Trek ko The Expanse: Wanne Ya Fi Kama Hankali?

Kullum sai an tambaye ni wanne ya kamata a fara kalla cikin waɗannan shirye-shiryen talabijin biyu na ƙagaggun labaran tafiya sararin samaniya.

Star Trek tun 1966 yake, kuma ba ya wahalar da mai kallo. Mutum ya ɓace nan ya ɓulla wata duniya, jirgi ya tsere wa haske. Masoyansa ba sa musu, labarin zaman tare ne ke riƙe su.

The Expanse, na 2015, ya fi tsantseni. Injin jirgi na tsayawa sai mutane su hau shawagi a ciki, kuma jirgi sai ya juya baya kafin ya rage gudu. Wannan ya burge ni ƙwarai, sai dai farkonsa tafiyar hawainiya yake.

Mai son labari mai sauƙin bi ya ɗauki Star Trek. Mai bin diddigin kimiyya, The Expanse zai gamsar da shi.