Jirgin Katsina zuwa Abuja: awa ɗaya a sama, sauran kuma sai haƙuri

Satin da ya wuce na raka Hajiyarmu Abuja ganin likita, ƙafarta ba za ta jure zaman mota ba shi yasa muka ce bari mu gwada jirgi daga nan filin Umaru Musa Yar'adua. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

A sama fa tafiyar ba komai bace, kilomita 440 da ɗan wani abu ne tsakanin filin Katsina da na Nnamdi Azikiwe, mu awa ɗaya da 'yan mintoci muka yi. Wanda ya taɓa bin mota ta Funtuwa, Zariya, Kaduna ya san wuni guda ake ci, ga ramuka ga shingaye ga zullumi, gida kuma ana ta bugo waya kun kai ina. Nan kuwa ko biskit ɗin da suka raba Hajiya bata gama ba aka ce a ɗaura bel za mu sauka, ta kalle ni tace kai Abujar ce wannan?

Amma kar awa ɗayan nan ta ruɗe ku. Daga Daura muka taso bayan asuba, kilomita wajen 80 ne zuwa Katsina, muka iso da wuri aka auna kaya muka zauna. Jirgin ƙarfe 10 bai tashi ba sai bayan azahar, wai hazo, to hazo dai na Allah ne ba wanda zai ce komai, abin da ya ɓata min rai shine ba wanda ya fito yayi mana bayani sai da wani dattijo ya ɗaga murya tukuna wata ta zo tana ku yi haƙuri ku yi haƙuri. Ko saƙo a waya ai da sun turo mun yi karin kumallo a gida cikin nutsuwa.

Inda zan yaba musu gaskiya, wajen hawa. Wani matashi ya kawo keken guragu ba tare da mun roƙa ba, ya riƙe mata jaka har bakin matakala yana sannu Mama, taka a hankali. Ma'aikaciyar ciki ma da ta ga tana dafe kunne ta ce ta riƙa haɗiyar yawu zai buɗe.

Can kuma daga filin jirgi zuwa cikin gari wani kilomita 40 ne, muka faɗa gosulon Lugbe, sai la'asar sakaliya muka shiga masauki. Kuɗin tasi kam ba a magana.

Maki 6 cikin 10 zan basu. Dawowa ta Kano muka yanki tikiti don jirage sun fi yawa a can, ƙanina ya ɗauko mu ta Kazaure.