Hattara da masu tallar "lambar kira kyauta" a shagunan Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shaguna da rumfuna a Aboabo, Asawase, Alabar da cikin Kejetia. Akwai wasu samari da ke zagayawa kwanan nan, tsaf da su, riga cikin wando, kati rataye a wuya, fayil a hammata. Cewa suke kamfanin sadarwa ne ya turo su su raba wa ƙananan 'yan kasuwa lambar 0800, wadda kwastoma zai kira ba a ci masa ko pesuwa ɗaya ba. Wai ka biya sau ɗaya lamba ta zama taka har abada, har da kyautar takarda mai sheƙi da za ka manna a ƙofar shago. Ƙarya ce tsagwaronta. Kuma kuɗin rajistar da suke karɓa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da suke tafiya da shi.

Lambar 0800 ta gaske akwai ta a Ghana, ba a musu. Bankuna da kamfanonin inshora da wasu ma'aikatun gwamnati suna da ita. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke riƙe da rabon lambobi, kuma ta hannun kamfanonin da ta ba lasisi ake samun irin wannan lamba, da takardun rajistar kasuwanci da yarjejeniya a rubuce. Abin da samarin nan ba sa faɗa shi ne, kyautar ta mai kira ce kaɗai. Mai lambar shi ke biyan kowane minti da aka yi ana magana, wata bayan wata, ko an yi ciniki ko gaisuwa kawai aka yi. Saboda haka da zarar mutum ya ce maka "biya ɗaya ne, shi ke nan", ya riga ya tona wa kansa asiri.

Ga yadda suka yi wa wani tela a Aboabo, dattijo mai yara a ƙarƙashinsa. Suka gaishe shi da ladabi, suka yaba ɗinki, sannan ɗaya ya ce: "Baba, shago irin naka bai kamata a ce lambar salula ta 024 ce a allo ba, kamar mai sayar da koko. Manyan mutane lamba suke dubawa." Ya tura musu kuɗin rajista ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Sunan da ya fito kafin ya sa lambar sirri sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Da ya tambaya sai aka ce ai akawun ofis ne. Sannan aka zo wurin da ake so a zo: "Baba, kawo wayar in haɗa maka sabuwar lambar da tsohuwar, minti biyu ne."

Minti biyun nan su ne damfarar. Kowace wayar salula tana da hanyar karkatar da kira. Idan aka danna **21* aka bi da wata lamba aka rufe da #, duk kiran da aka yi maka ba zai shigo wayarka ba, can zai tafi wurin waccan lambar. Ba wani tsafi a ciki, kamfanonin waya ne suka tanade shi don mai layi biyu ko mai tafiya. To wannan shi ne "haɗawar" da yaron ya yi, lambar da ya sa kuwa ta abokinsa ce da ke zaune wani wuri. Har gwaji suka yi a gaban dattijon: aka kira layinsa, sai wata murya ta ɗauka da Turanci tana yi wa mai kira maraba da sunan shagon. Baba ya ji daɗi, ya ƙara musu na mota.

Daga nan sai WhatsApp. Duk wanda zai buɗe WhatsApp da lambarka a wata waya, sai an aiko da lambobin tabbatarwa guda 6, ko ta saƙo ko ta kiran murya. Ɓarawon sai ya zaɓi kira, kiran kuwa yanzu wurinsa yake zuwa. Kafin la'asar an fitar da mai shago daga WhatsApp ɗinsa, wani can yana zaune a cikin rukunonin masallaci da na dangi da na 'yan kasuwa da sunansa da hotonsa. Mai kuɗin ɗinkin Sallah a hannu aka ce ta tura ta sabuwar lambar MoMo, wai tsohuwar ta sami matsala. Ɗan uwa da ke Jamus aka ce masa an kwantar da Hajiya, a taimaka cikin gaggawa. Mutane suka tura, don wa zai yi zargin lambar da ya sani shekara da shekaru? Dattijon kuwa yana kan keke yana mamakin yadda yau waya ta yi shiru.

Wasunsu ba sa tsayawa nan. Za su ɗauki hoton Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, gaba da baya, su ce tun 2021 da aka fara haɗa layuka da katin ba a ba da lamba sai da shi. Gaskiya ne ana rajistar layi da katin, amma a hannun ma'aikacin kamfani, ba a hannun baƙon da ba ka san ofishinsa ba. Wani kuma zai ce saƙo zai shigo, ka sa lambar sirrinka ta MoMo "don a kunna layin". Babu layin da ake kunnawa da lambar sirrin MoMo. Izinin cire kuɗi ne kake bayarwa da yatsanka.

Akwai kuma masu ɗan sauƙin ta'asa, waɗanda ke sayar da lambar Amurka mai farawa da 1-800 da suka buɗe a wata manhaja ta intanet. Takan yi aiki 'yan kwanaki, lokacin gwaji ya ƙare, ta mutu, kai kuma ka riga ka biya mai zanen allo. Ko da ba ta mutu ba, kyautar tata ta mutanen can ce. Wanda ya kira daga Bantama, in ma kiran ya shiga, kuɗin kiran ƙasar waje za a caje shi.

Yanzu a ajiye maganar ɓarayi. A ce ma ta gaskiyar ce, daga ofis, da rasit da hatimi. Shin mai shago a zango yana bukatarta? Ni dai ban ga amfaninta gare mu ba. Lambar 0800 an yi ta ne don wanda dubban mutane ke kira da ƙorafi daga Bolgatanga har Takoradi, mai ma'aikata zaune da na'ura a kunne. Mu kuwa kwastomanmu ya san fuskarmu, ya san babanmu. In ba shi da kati filashin zai yi ka kira shi, ko ya aiko da saƙon murya, ko ya turo yaro. Kuma kowa ya san gaisuwarmu: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin tsohuwa, an ji labarin rasuwar wane, kafin a zo kan kwanon shinkafa nawa. Ka ɗauki nauyin wannan duka a kan layinka, tamkar ka kafa famfo a ƙofar gida ka ce unguwa ta ɗiba, alhali mita da sunanka take.

Ga wani abin da masu goro da albasa da shanu ya kamata su lura da shi. Lambar kira kyauta ta cikin ƙasa ce. Abokin cinikinka da ke Nijar ko Burkina Faso ko Kano, galibi in ya sa +233 ya bi da ita ba za ta shiga ba. Wato mutanen da suka fi kawo maka manyan kuɗi su ne ba za su same ka ba.

Wanda yake son shagonsa ya yi kwarjini, akwai hanyoyi masu araha da ba sai ya miƙa wa kowa waya ba. Ya ware layi ɗaya na kasuwa daban da na gida, ya yi masa rajista da kansa a ofishin MTN ko Telecel ko AT. Ya sa WhatsApp Business, kyauta ne, da sunan shago da hotunan kaya da lokacin buɗewa. Ya nemi MoMo na 'yan kasuwa don sunan shago ya riƙa fitowa in za a biya shi. In lambar ofis yake sha'awa, layin tebur na Kumasi da 032 yake farawa, na Accra da 030, kuma wanda ya gan su ya san kana da mazauni. Amma a gaskiya abin da ya fi riƙe kwastoma shi ne a kira a same ka, kuma ka cika alkawarin ranar da ka sa.

In kuwa ka riga ka ba wani wayarka da sunan haɗa lamba, kada ka bari sai gobe. Danna *#21# ka kira, zai nuna maka ko ana karkatar da kiranka. Danna ##002# ka kira, zai soke duk wata karkatarwa. Canza lambar sirrin MoMo nan take, sannan ka kira 100 ka sanar da kamfanin layinka. Sake shigar da lambarka a WhatsApp. Da zarar lambobin tabbatarwa sun zo wurinka ka shigar da su, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin makullin da WhatsApp ke tambaya bayan lambobin tabbatarwa, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga, saboda haka a wannan tsakanin ka sa a yi shela a masallaci, ka bi manyan kwastomominka da kira ɗaya bayan ɗaya cewa kada a tura komai. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda da lambar MoMo da ka tura wa kuɗi, kuma Hukumar Tsaron Intanet tana karɓar irin wannan rahoto a 292. Kunya kada ta hana, don shirun mutum ɗaya ne ke ba su damar shiga shagon maƙwabci.

Samari da 'yan mata masu ilimin waya, aiki ya same ku. Iyayenmu masu waakye da masu atamfa da masu kayan miya su aka fi yi wa wannan, don sun saba miƙa waya a duba musu abu. Ku karɓi wayoyinsu yau ku danna *#21#, ku sa musu lambar sirri ta biyu a WhatsApp, ku gaya musu duk wanda ya zo da maganar 0800 a ce ya dawo in kuna nan.